Fiffike Daidai Nauyinki

Setapak, Kuala Lumpur
Alhamis, bayan la'asar

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama nagari, Ya sa ki gama karatun nan ki dawo mana da alheri. Mamanku tana gaishe ki, ko da yake ita ta riga ta faɗi nata da baki, sauran kuma ta cusa shi a akwati tare da yaji da dambun nama. Ni kuwa kin san halina. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci, to kunya biyu ta taru a kanki. Ranar Lahadi mun zagaya tafkin Titiwangsa har sau biyu ni da ke, na fito da niyyar magana, sai na ƙare da yi miki bayanin yadda ake kula da jaka a tashar mota, ke da kika fi ni sanin garin nan. Shi ya sa na koma ga biro.

Ba nasihar da kika saba ji zan yi ba. Salla da karatu da kama kai duk kin san su, ban kuma taɓa kama ki da sakaci a kansu ba. Mamanku ce ta nuna mini hoton da kika tura mata a waya. Kada ki ga laifinta, ni na matsa. Na ga kayan hawan igiyar ruwa ne na hannu, waɗanda wani yake son sayarwa a can Kuala Terengganu inda za ki: ƙaramin allo, doguwar sanda, da siririn fiffike mai kama da wuƙar masu kilishi. Ta ce ta tambaye ki ko ba su fi ƙarfinki ba, ke da kika shekara shida ba ki sa ƙafa a teku ba, sai kika ce mata, "I'll grow into it, Mama, boleh lah." Wato za ki girma a cikinsu. Da na ji haka na gane maganar nan ba taki ba ce, gado kika yi. Na yi murna ƙwarai da kina son komawa ruwa, na kuma tsorata da kayan da kika zaɓa. Sannan akwai wata magana da na ɓoye miki tun ranar da kika sami tabon nan na haɓarki, ita ce ainihin dalilin wasiƙar. Ki bi ni a hankali, zan iso wurin.

A gidanmu na Kano ba a taɓa ɗinka mini riga daidai jikina ba. Kakanki Malam, Allah Ya jiƙansa, in ya kai mu wurin tela kafin salla, tela na aunawa shi yana cewa a ƙara taƙi ɗaya, yaro ne, zai girma a ciki. Hannun riga a naɗe, ƙafar wando a naɗe, takalmi kuma a cusa masa tsumma ta gaba. Ba rowa ba ce. Muna da yawa, kuma dabara ce da ta rufa wa gidaje da dama asiri. Abin da ban lura da shi ba sai da na yi hankali shi ne, kafin in cika rigar ta riga ta koɗe, an miƙa wa ƙanena, shi ma tana masa yawa. Da wannan tarbiyya na hau jirgi na zo ƙasar nan karatu, da ita na zama malami a jami'ar da ke Jalan Semarak, da ita kuma na saya miki takalmin makaranta na farko, wanda kika yi ta ja kamar na mamanku kika aro.

Kina 'yar shekara tara muka fara zuwa bakin tekun Cherating, hutun ƙarshen mako tare da abokan aikina. Lokacin iska, wato damunar da ke tayar da igiyar ruwa a gaɓar gabas, ya kusa wucewa, teku ta yi laushi. Da safe bayan an sha shayi na tsaya a bakin ruwa na naɗe ƙafar wando, don a lokacin ko iyo ban iya ba, mu da aka raina da bulala in an gan mu kusa da kududdufi. Samari masu alluna suna zaune a kan ruwa sun yi jugum kamar 'yan kasuwa ranar da babu ciniki, saboda igiyar da ke zuwa ba ta kai gwiwa ba. Sai wani dattijo siriri mai furfura ya kwanta a kan allonsa, ya tuƙa da hannu ya wuce su. Wani ɗan tudun ruwa ya taso, wanda ko ƙwarya ba zai kifar ba. Dattijon nan ya miƙe tsaye, sai allon ya rabu da ruwa ya tashi sama.

Ummi, tashi ya yi. Kimanin kamu ɗaya tsakaninsa da ruwa, babu inji, babu zanen kama iska, babu ƙara, ba abin da ke taɓa teku sai wani siririn layi a ƙarƙashinsa. Ya yi nisa har ya zama ɗan ƙarami, ya juyo, ya kama wata igiyar bai sauka ba. Na yi ta cewa Subhanallah har mamanku ta zungure ni ta ce mutane suna kallona. Da ya fito na je na duba. Sanda ce aka kafa a ƙasan allon, a ƙarshenta akwai fiffike irin na jirgin sama da 'yar wutsiya a baya, abin da suke kira foyil. Abin kunyar shi ne, aikina ke nan. Shekara da shekaru ina zana wannan siffa a gaban aji, ina sa kibiyoyi, ina koyar da yadda ruwa ke ɗaga abu in ya bi ta kansa da sauri. Na san shi a ka, amma ban taɓa yarda da shi a zuciya ba sai ran nan, da na ga ya ɗauki kakan wasu ya ratsa da shi teku. Wannan dattijo shi ne Pak Din, wanda kika sani, mai rumfar gyaran alluna a gindin itatuwan kwakwa.

Kin tuna yadda na koyi iyo a wurin wankan benenmu na Setapak, ina da shekara arba'in, yaran maƙwabta suna leƙe daga sama suna dariya. Ban damu ba, kuma shi ne abu ɗaya da na yi bisa tsari a duk labarin nan. Ke kin fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma wurin wanka daban, teku daban. Kafin ki taɓa allo, ki yi 'yan kwanaki kina shiga da jikinki kawai, ki sake sabawa da jan ruwa da gishirinsa. Iya ruwa fid da kai.

Kuskurena na farko a shago na yi shi. Mai shagon yaro ne mai ladabi, ya tambaye ni nauyina, ya tambayi irin ruwan da zan shiga, ya tambayi tun yaushe nake hawa. Tambaya ta uku ta ɓata mini rai, ni da ake kira Dokta. Na nuna hoton wani gwani da ke manne a bango na ce irin nasa nake so, wanda ba sai na canja ba nan gaba, zan girma a ciki. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi gemuna, ya fasa, ya naɗe mini kayan. Na fito ina jin kaina, ɗauke da siririn fiffike da doguwar sanda da allon da bai fi katakon yanka albasa ba.

Lokacin iska biyu cur na yi ina tashi bayan asuba, in tuƙa mota in ƙetare duwatsu zuwa gabas, don kawai in sha ruwan gishiri in dawo. Ko sau ɗaya allon bai ɗaga ba. Siririn fiffike ba ya tashi sai ya sami gudu, igiya mai rauni kuwa ba ta da gudun da za ta ba shi. Kamar ka sa ɗan yaye ya tura maka mota ne. Ni kuma na ɗora laifin a kan teku, na ɗora a kan iska, na ɗora a kan tuwon mamanku. Pak Din yana kallona duk tsawon lokacin nan bai ce uffan ba, don mutanen nan suna da kara irin tamu. Wata safiya na fito ina tari, sai ya miƙo mini shayi, ya ajiye tsohon fiffikensa a gabana. Faffaɗa ne, mai kauri, duk ya sha faci, ni na sa masa suna Faifai. Ya ce, "Doktor, ruwan nan talaka ne. Kada ka roƙe shi abin da ba shi da shi."

Na so in yi masa bayanin lissafi. Allah Ya taimake ni na kama bakina, na bar shi ya kwance nawa ya ɗaura nasa.

A igiya ta uku na tashi. Abin da ban yi tsammani ba shi ne shirun. Kin san allo a kan ruwa yana ta faf-faf yana dukan ƙirjin mutum, to duk wannan ya ɗauke lokaci ɗaya, kamar an kashe injin niƙa na unguwa bayan an yini ana jin sa. Babu girgiza, babu komai, sai wani ɗan siririn sauti a ƙasa. Na dubi ƙarƙashina na ga yashi yana gudu, na ga ƙananan kifaye suna watsewa, na ga inuwata ta rabu da ruwa. Bai wuce numfashi goma ba na faɗi. Da na ɗago kai hawaye nake yi, na ce wa Pak Din gishiri ne, ya ce haka ne, gishirin nan yana yi wa kowa haka ranar farko.

A hanyar komawa na yi ta tunani. Ɗan tudun ruwan nan da na raina, iska ce ta haife shi a wani wuri da ba zan taɓa gani ba, ya yi kwanaki yana tafiya ɗauke da ɗan guzurinsa, ya iso gaɓa a gajiye, sannan da ragowar ƙarfinsa ya ɗaga ɗan Kano mai nauyin buhun masara. Ba ƙarfina ba ne, ba kuma wayona ba. Tun kafin a halicci mai zanen kibiyoyi aka ajiye wannan hali a cikin ruwa, yana jiran wanda zai zo masa da abin da ya dace. Na ji ƙanƙanta a ran nan, kuma ban taɓa jin daɗin ƙanƙanta irin haka ba.

Saboda haka, fiffiken gaba shi ne uwar tafiya, da shi za ki fara. Ruwan da za ki samu a yawancin shekara mai rauni ne, to ki nemi faffaɗa, mai kauri ta gaba, mai zagayayyen baki, wanda ke ɗagawa tun kina tafiyar sassarfa. Dogayen siraran nan suna da kyau, ba zan yi miki ƙarya ba, suna tafiya mai nisa in suna hannun gwani, amma ba su san afuwa ba. Wutsiyar baya ma kada ki raina ta, in tana da ɗan girma kuma ta ɗan yi nisa da fiffiken gaba, allon ba zai riƙa yi miki tutsu yana sama yana ƙasa ba. Sai dai kada ki ce tunda Baba ya ce babba, bari in ɗauki mafi girma. Faifai ya dace da ni ne saboda tumbina. Ke da ba ki da nauyi zai cilla ki sama ne kawai, ki kasa danne shi. Duk wanda ya tambaye ki nauyinki ki faɗa masa na gaskiya, ba wanda kike faɗa wa ƙawayenki ba.

Da na fara iyawa, sai girman kai ya dawo ta taga. Pak Din ya ba ni aron gajeriyar sanda tare da Faifai, amma na ga masu doguwa sun fi tashi sama, sun fi kyau a hoto. Na mayar da tawa. Ban tambayi kowa ko teku cika take ko janyewa ba, na shiga. Ina cikin tafiya fiffike ya caki yashi, allo ya tsaya cak, ni kuwa na ci gaba ni kaɗai. Na tashi baki cike da yashi, kafaɗa ta yi wata guda tana tuna mini. Ƙaramar igiya a wuri marar zurfi take karyewa, shi ya sa take son gajeriyar sanda, kimanin kamu da rabi, ko ƙasa da haka ga mai koyo. Faɗuwa daga kusa ma ta fi sauƙi. Kullum ki fara taka ruwan da ƙafa ki san zurfinsa, ki kifar da allon fiffike na kallon sama, kada ki juya shi sai ruwa ya kai miki ƙirji. Ki gaida masunta, ki tambaye su lokacin janyewar teku, sun fi wayarki sani.

Allo kuma ki ɗauki mai jiki, wanda zai ɗauke ki kina kwance ba tare da ya nutse ba. Igiya mai rauni ba ta zuwa ta same ki, ke za ki tuƙa da hannu ki cim mata, ƙaramin allo kuwa hannu zai cinye miki kafin ki kama ko ɗaya. Akwai kuma shekarar da na jingine kayana a baranda a haɗe, ban wanke ba, ban kwance ba, har lokacin iska ya zagayo. Gishiri ya haɗe notuna da ƙarfen suka zama abu ɗaya, Pak Din ya yini da ruwan zafi da mai yana yi musu magana da yarensu. Ki wanke da ruwan famfo duk ranar da kika shiga, ki riƙa kwancewa, ki shafa giris. In kuma kayan hannu za ki saya wata rana, ki ce wa mai su ya kwance su a gabanki, in ya fara ba ki labari ki yi masa sallama. Hular kwano da rigar kariya da madaurin allo ba abin shawara ba ne. Na san za ki ce hular kwano a kan hijabi ba ta yi fasali ba, na ji, ki sa ta a haka. Kuma ki yi nesa da masu wanka, don abin da ke ƙarƙashinki yana yanka.

To, na iso inda nake ta kewayewa.

Kina da shekara goma sha uku kika ce kina son naki. Kin riga kin iya tsayawa a allo marar fiffike, kin fi yaran wurin nutsuwa, Pak Din har yana nuna ki ga baƙi. Ni kuma ga kayana na farko a jingine a ɗakin ajiya, siririn fiffiken nan kamar sabo, bai taɓa tashi ba. Ɗan Kano ba ya iya kallon kaya a ajiye suna asara. Na zauna na yi wa kaina lissafi mai daɗi, na ce nauyinki rabin nawa ne, siririn fiffike zai ɗauke ki, sandar kuma in ta yi miki tsawo bana, baɗi za ta yi daidai. Na kai su rumfar Pak Din na ce ya ɗaura miki. Ya juya fiffiken a hannunsa, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya dubi teku da ke janyewa. Wannan mutum da ya yi shiru lokacin iska biyu yana kallona ina shan gishiri, ran nan bai yi shiru ba.

Ya ce, "Tak boleh, Doktor. Ba zai yiwu ba. Wannan ba na yarinya ba ne, ba kuma na ruwan yau ba."

Na ce, "Yarinya ce, za ta girma a ciki."

Ya ajiye sifana a kan tebur ya ce shi ba zai ɗaura ba. Ni na ɗauka na ɗaura da hannuna. Kina can bakin ruwa kina gyara hijabinki, ba ki ji komai ba. Hular kwanon ma da ke gare mu tawa ce, ta yi miki yawa tana rufe miki ido, sai na ce ki bar ta.

Sauran kin san shi. Kin kama igiya, kin miƙe, fiffiken ya ƙi ɗagawa saboda babu gudu, ya bi da ke zuwa inda ruwa ya janye, sandar ta caki yashi. Kin faɗi ta gaba, madauri ya fizgo allon ya biyo ki, bakin fiffiken ya same ki a haɓa. Na ɗauko ki jini yana bin hannuna. Da a ce ya sauka ƙasa da yatsa biyu, wuya ne. Har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

A asibiti, bayan an yi ɗinki, kika dube ni kika ce, "Baba, me na yi ba daidai ba?"

Na ce miki, "Ba ki danna ƙafar gaba ba."

Ummi, ƙarya na yi. Ƙafarki tana inda ya kamata, na gani da idona. Ko Pak Din ne a kan kayan nan a ruwan ran nan, yashi zai ci. Laifin na wanda ya ɗaura ne, bayan an hana shi, bayan shi kansa yashin ya taɓa koya masa. Tsoro ne ya kama ni, da kunyar mamanku da ke tsaye, da kunyar idonki, sai bakina ya ɗauko maganar malamai ya ɗora miki. Na ce gobe zan gyara. Gobe ta zama shekara shida. Na riƙa ganinki a gindin kwakwa da littafi kin juya wa teku baya, na san abin da kike faɗa wa kanki, cewa ke ce ba ki iya ba. Pak Din bai taɓa tayar mini da maganar ba, kullum sai ya miƙo mini shayi kamar da, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Shi ya sa hoton nan ya firgita ni. Kayan da kika zaɓa 'yan'uwan waɗanda suka yanke ki ne. Na san ba kyansu ya ja ki ba, so kike ki koma ki ci jarrabawar da kike zaton kin faɗi. Babu wata jarrabawa da kika faɗi. Ni na faɗi, na rubuta sunanki a takardar. Ki yafe mini don Allah. Na san ba a saba uba ya roƙi 'yarsa gafara ba, amma ke uwata ce, ɗa kuwa yana iya roƙon uwarsa.

Asabar da ta wuce da na ce zan je gaida Pak Din, ba gaisuwa kaɗai ta kai ni ba. Na tambayi mamanku nauyinki da tsawonki, ta faɗa mini bayan ta sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Na loda kayana duka a mota, har da sabon fiffiken da na fi so, na ce masa musaya na zo yi. Kada ki damu, gwiwoyina sun daɗe suna neman hutu, kuma na sami rabona a teku fiye da abin da na cancanta. Na kuma faɗa masa abin da na ce miki a asibiti. Ya tashi ya shimfiɗa fiffike uku a kan tabarma, ya tambayi nauyinki sau biyu, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga wancan, sannan ya zaɓi na tsakiya. Ya haɗa da gajeriyar sanda, da allo mai jiki, da hular kwano da ya sa na auna da zaren da mamanku ta zagaya a hularki. Kin san hali zanen dutse. Ina kallo sai na ji bakina yana cewa ko za a ɗan ƙara girman allon saboda gaba. Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, na haɗiye sauran.

Kayan suna rumfarsa a naɗe, da sunanki a jiki. Daga makarantarku zuwa can tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. 'Yarsa tana hawa, ta ce ita za ta shiga ruwa tare da ke, za su kuma fara jan ki a bayan kwalekwale a hankali kafin ki nemi igiya. Ban ce dole ki je ba. In kin ga zuciyarki ba ta so, ki bar su, ba abin da ya ragu a gare ki a wurina. In kuma kin je, kada ki yi gaggawa, sannu ba ta hana zuwa. Ki zaɓi safiyar da teku ta cika, ki yi bisimilla, ki jira ƙaramar igiyar da kowa ya raina. Ranar da kika gaji da wannan fiffike don ya yi miki sanyi, a ranar ne za ki nemi na gaba, ba kafin nan ba.

Lokacin da allon zai rabu da ruwa za ki ji shirun da na faɗa miki. Shekara shida ke nan da ya kamata ki ji shi, ni na tsare miki hanya. Kada ki tuna da ni a lokacin, kada ki nemi wanda ke kallo, ki yi wa Mai teku tasbihi kawai. In kin fito, in kin ga dama, ki kira ni ki ce gishiri ya shiga miki ido, zan gane.

Allah Ya tsare ki a tudu da ruwa, Ya kare ki daga sharrin abin da ke sama da abin da ke ƙasa, Ya yi miki albarka, Ya sa ki fi mu. Ƙannenki suna gaishe ki, sun riga sun fara rigima a kan ɗakinki. Ki riƙa kiran mamanku ko ba ki da labari.

Tun da aka haife ki ban taɓa saya miki abu daidai jikinki ba. Wannan karon na auna, ban ƙara ko taƙi ɗaya ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
kuma ɗanki.